Sikelin Lawwali

Duk ranar Juma'a in na je shan shayi a Souq Waqif, kasuwar nan ta Doha, sai ɗaya daga cikinku, ku samarin da ke gadi a otal-otal na Lusail, ya jawo kujera ya ce, "Usta Habu, tsayuwar nan ta ishe ni. Ka koya mini ɗaura shokozoba mana, ai noti biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa." Ba na jin haushi, don ni ma abin da na faɗa ke nan shekara goma sha bakwai da suka wuce. Mai so ya zo Sana'iyya, unguwar garejoji, ya same ni, ƙofa a buɗe take. Amma kafin ya zo ya karanta wannan. Akwai wani tsohon sikeli a bakin ƙofar garejinmu da kowa ke tambayar dalilinsa, ni kuma ba na iya ba da labarinsa a tsaye da sifana a hannu.

Da girmana na shigo aikin nan. Na bar mata da 'ya'ya biyu a Zariya, inda na yi shekara tara ina gyaran babura, ina ganin babu abin da ya rage mini in sani. Aka kawo ni garejin da ke gyaran baburan yashi, masu ƙafa huɗun nan da Larabawa ke hawa tuddan rairayi da su a kudancin gari, aka damƙa ni a hannun Baba Issaka. Mutumin Zangon Kumasi ne, gajere, ba ya son surutu, kuma ban taɓa jin ya yabi aikin wani mai rai ba.

Shokozobar farko da ya miƙo mini ta baya ce, ta wani jan babur. Ya ce in buɗe. Na matse ta a bais ɗin da ke jikin teburi, na ɗauki sifana zan kwance murfin, sai na ji ya kai wa hannuna duka da tsumma. Ya nuna mini rufin kwanon da ke saman kaina, inda ya lotsa kamar faɗin tafin hannu.

"Murfi ne ya yi wancan," in ji shi. "Mai aikin bai saki iska ba tukun. Allah ya so shi, kanshi ba ya kan hanya."

A ranar na gane cewa abin da muke cirewa a Zariya mu jefar mu sa sabo ba shi ne wannan ba. Wannan bututu ne cike da mai, da sanda mai fistin a kanta, da iskar nitirojin a matse a wani ɗaki na daban, da ƙarfin da ya ninka na tayar mota sau da yawa. A jikin fistin akwai ramuka, a kan ramukan an jera wasu siraran faya-fayan ƙarfe, kowanne bai fi kaurin reza ba. Su ke ƙayyade wa mai saurin wucewa. Sifirin da ke waje shi ke ɗaukar nauyi, mai kuma shi ke hana shi rawar kai. Wata shida na yi ba abin da nake yi sai wanke faya-fayan nan ina jera su a kan farin ƙyalle yadda na same su. In na sauya wa biyu wuri, Baba ba ya faɗa. Tattara su yake duka ya zuba a kwanon fetur ya ce in sake. Ni da ake ce wa oga a Zariya.

Amma abin da ya fi nanata mini ba a cikin bututun yake ba. Muna ce masa zama, wato yadda babur ke sauka in mai shi ya hau. Sau uku ake awo da tef. A ɗaga babur ƙafafunsa na lilo a auna. A sauke shi ya tsaya da kansa a auna. Sannan mai shi ya hau, da hular kwanonsa da duk abin da zai riƙa ɗauka, ya ɗan yi tsalle sau biyu ya zauna, a auna. Awo na ukun nan shi ke gaya maka wane sifirin za ka sa, da yadda za ka matse shi. Maɓallan nan biyu da kuke son murzawa kuna jin ƙas-ƙas, na matsewa da na dawowa, gyaran ƙarshe ne, kamar gishiri a miya. Kullum Baba sai ya ce, "Mai hawa shi za ya zauna. Ba ƙaninshi ba, ba direbanshi ba. Shi."

Samarin Larabawa ba sa ba da wahala a nan. Suna zuwa da kansu, su hau su yi ta tsalle suna dariya. Matsalarsu ɗaya ce: ka kwana biyu kana daidaita wa mutum babur, ya je ya kalli bidiyo a waya, ya murɗe kowane maɓalli zuwa ƙarshe, ya dawo jibi yana riƙe da ƙugu yana cewa aikinka ya yi tauri. Wannan kam sai ka ba shi shayi ka mayar masa yadda yake.

Mutane kan ce shekarar da cuta ta rufe gari ita ce mummunar shekara a sana'armu. Ni tawa wadda ta biyo bayanta ce. Gwiwa ta matsa wa Baba, ya tafi hutun wata biyu Kumasi, ya bar mini teburin. A farkon sanyi ne, lokacin da Larabawa ke kafa tantuna a sahara, aiki ya yi yawa har ba wurin aje ƙafa.

Ranar wata Talata da hantsi Lawwali ya shigo da 'yar tirela, da wani abu a kanta da ban taɓa gani ba sai a talabijin. Lawwali mutumin Funtua ne, direban gidan wani dattijon attajiri da ake kira Abu Jasim, shekararsa goma sha ɗaya a gidan. Abokina ne, tare muke cin abincin Juma'a. Siriri ne, dogo, mai yawan barkwanci, kuma da albashinsa ake ci a gida biyu, nasa da na mahaifiyarsa, ga gini da yake yi a Funtua ya kai linta.

Abin da ya kawo babur ɗin ƙanƙara ne, irin wanda ake hawa a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa. A gaba ba taya, sai wasu dogayen takalma biyu masu sulɓi. A baya kuma faffaɗan bel mai haƙora kamar na katafila. Abu Jasim ya hau irinsa a wata tafiya, ya shiga ransa, ya sayo nasa ya ce a kan yashi zai hau. Wani gareji ya riga ya sa masa lagireto da ƙananan tayoyi a cikin bel don kada zafi ya cinye shi. Namu aikin shi ne ɗaura sababbin shokozoba huɗu da ya yi odarsu daga waje: biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya. Ta bayan, wadda mai hawa ke zaune a kanta, ta zo da sifirin uku a kwali, kowanne da ɗigon fenti. Fari mai taushi, rawaya matsakaici, ja mai tauri.

Kwana uku na yi a kansa, kuma har gobe ina cewa ban taɓa aiki mai kyan wannan ba. Man da suka zo da shi tsararo ne kamar ruwa, don an yi shi ne saboda ƙasar sanyi. A zafin ranar Doha minti goma zai yi ya daina riƙe komai. Na zubar da shi na sa mai kauri. Na sake jeren faya-fayan ƙarfen duka huɗun, don yashi ba ya karɓar faɗuwa yadda dusar ƙanƙara ke karɓa. Na rage iska kaɗan saboda zafi zai ƙara mata ƙarfi. Na ɗinka wa kowace sanda riga don rairayi kada ya ci robar bakinta. Na gajarta maɗaurin tsakiya don gaban ya daina ɗagawa. Duk abin da ke da wuya na yi shi daidai. Saura awo na uku.

Da Lawwali ya zo ɗauka na ce masa, "Sai fa maigida ya zo ya hau."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Abu Jasim? Ya zo Sana'iyya ya hau babur yana tsalle kana bin sa da tef? Malam Habu, so kake a ce ba a yi mana tarbiyya a gida ba?"

"To tambayo mini nauyinsa."

"Ni? In dubi sa'an ubana in ce masa kilo nawa ne kai? Kai za ka iya yi wa limamin unguwarku wannan tambayar?"

Ba zan iya ba, kuma ya sani. Lambar Abu Jasim tana kan takardar aikin. Sau biyu na ɗauki waya, sau biyu na aje. A gida an koya mana ba a kiran babba ya zo ya same ka, ba a sa shi aiki, ba a tambayarsa abin da ya shafi jikinsa. Sau ɗaya na taɓa hango mutumin, daga nesa, yana fitowa daga mota cikin farar doguwar rigarsu mai sauka har ƙasa, wadda ba ta nuna maka inda jiki ya tsaya. Na ce a raina matsakaici ne mai ɗan jiki. Na sa Lawwali ya hau, na ɗora masa tsohon batirin mota a baya don cike gibi, na auna, na sa rawaya. Na ɗaura 'yar igiyar roba a sandar, kamar yadda muke yi, don in an dawo da babur ta nuna iyakar inda ya matse.

Lawwali ya ce, "Cire batirin nan ka ɗauke ni hoto, mutanen Funtua su ga yadda muke fama."

Na ɗauke shi, da hular kwano a kansa, yana ɗaga yatsu biyu. Ya ɗora a sitatus muna ta dariya.

Kamar kwana goma bayan nan, ranar Asabar bayan la'asar, Lawwali ya kira ni. Muryarsa kawai na ji na san ba lafiya. Abu Jasim ya hau wani tudu, ya zarce ta bakinsa, babur ya sauka da baya. Ba wani tsalle ne mai tsawo ba, yaransa suna yin wanda ya fi shi kullum. Amma bayan babur ɗin ya matse har ƙarfe ya daki ƙarfe, duk ƙarfin faɗuwar ya bi ta kujera ya shiga gadon bayan dattijon. Ƙashi biyu suka murƙushe. Jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauke shi daga wurin.

'Ya'yansa suka shiga neman wanda za a ɗora wa. Shokozoba huɗun sababbi ne, masu tsada, ba su ga yadda za a yi su gaza ba sai in wani ya lalata su. Sai wani ma'aikacin gidan ya nuna musu hoton. Shi ke nan, magana ta ƙare: direba yana satar hawa babur ɗin maigida, har yana tallar kansa a waya. Babban ɗan ya ce khalas, wato an gama, a soke wa Lawwali takardar zama ya koma ƙasarsu. Kuma a garin nan ba wanda ke ɗaukar direban da aka ce yana wasa da kayan kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar.

Muka haɗu da Lawwali a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib da rana tsaka, muka zauna a benci jama'a na wucewa.

"Me ya hana ka gaya musu a garejinmu aka ɗauki hoton? Awo muke yi."

"In na faɗi haka, sai su ce me ya sa aka auna da ni. Daga nan mu biyu za mu tafi." Ya shafa fuska. "Ɗaya ya isa, Malam Habu. Ai ni na hana ka kira."

"Sana'ata ce, ba taka ba."

"Ka yi shiru dai. Sai ƙarshen wata zan tafi, ƙila kafin nan zuciyarsu ta yi sanyi."

Na bi maganarsa. Zan faɗa muku gaskiya tunda na ɗauko ta: daɗi na ji da ya faɗi haka. Na koma gareji na ci gaba da aiki, ina gaya wa kaina akwai sauran lokaci. Kwana goma sha biyu na yi a haka. A duk rayuwata babu kwanakin da nake jin kunyarsu kamar waɗannan.

Baba ya dawo daga Kumasi ranar da sabon direban gidan ya kawo babur ɗin, wai a gyara abin da Lawwali ya ɓata. Ko jakarsa bai aje ba. Ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya leƙa ƙarƙashi. Igiyar robar da na ɗaura ta tafi har ƙarshen sanda ta tsinke. Robar da ke tare ƙarfe ta dagargaje. Ya kwance shokozobar ya danna ta a ƙasa, ta dawo a hankali, lafiya lau. Ya dubi ɗigon rawaya. Ya sa aka ɗauko kwalin, ya ciro jan sifirin yana nan a ledarsa ko buɗewa ba a yi ba. Baba ya san Abu Jasim shekara da shekaru.

"Habu, wa ya zauna?"

Na gaya masa, har da batirin.

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini sifirin biyun, rawaya da ja. "Gobe da safe ka kai mishi."

"Baba, korata za su yi."

"Ƙila," in ji shi, ya tafi ya yi alwala.

Washegari da hantsi na isa gidan. An sa wa Abu Jasim gado a ɗakin baƙi, yana kwance da wani abin ɗauri daga ƙirji zuwa ƙugu, daga shi sai singileti da zane. A ranar na ga ainihin jikin mutumin. Ko batir uku na ɗora wa Lawwali ba zai kamo shi ba. Babban ɗansa na zaune a gefe. Na gaishe su, na aje sifirin biyun a kan darduma, na yi bayani da gurgun Larabcina. Na ce wannan na sa, wannan ya kamata in sa. Na buɗe hoton a wayata na nuna musu bangon garejinmu, da tef ɗina a yashe a ƙasa kusa da ƙafar Lawwali. Na ce bai taɓa tuƙa babur ɗin ba ko taku ɗaya, ni na sa shi ya hau don awo.

Ɗan ya miƙe yana faɗa. Uban ya ɗaga masa hannu ya zauna. Sannan dattijon ya juyo gare ni.

"Me ya hana ka kira ni?"

"Kunya, ya Hajji, Allah ya ja da ranka. A wurinmu ba a tambayar babba nauyinsa."

"Likita yana auna ni. Tela yana auna ni. Ba wanda na taɓa ci." Ya numfasa da ƙyar. "Da ka kira, da na zo."

Ya juya kai wajen ɗansa ya ce a kira masa Lawwali yanzu. Ɗan ya sunkuyar da kai. Sai da uban ya maimaita sannan ya ce jiya da safe aka kai shi filin jirgi.

Ashe ba ƙarshen wata ba ne. Lawwali ya san ranar tun muna zaune a bencin Mushairib, ya ƙara mini kwanaki da gangan don kada in yi wani yunƙuri. Da kwana ɗaya na makara, bayan na zauna a kan goma sha biyu.

Ba a kore ni ba. Abu Jasim ya ce wanda ya kawo kansa ba a korarsa, kuma wallahi da ya kore ni da ya fi mini sauƙi. Ya warke, amma da sanda yake tafiya har yau, bai ƙara hawa komai ba. Ya aika wa Lawwali ya dawo, har sau biyu, da ƙarin albashi. Lawwali ya ce a gode masa, amma ba zai koma gidan da hoto ɗaya ya rinjayi shekara goma sha ɗaya ba. Yanzu motar wani yake ja, yana ɗaukar masara daga Funtua zuwa kudu. Ginin nan yana nan a linta.

Da na dawo daga gidan Abu Jasim a ranar, na tarar da kwali a kan teburina. Baba ya ce wani ɗan ɗakin su Lawwali ne ya kawo. Sikeli ne, irin na banɗaki mai allura, mafi araha a kasuwa. A jikin kwalin ya rubuta da biro: "Malam Habu, wannan ba ya jin kunyar kowa."

Shi ne wanda kuke gani a bakin ƙofa. Allurarsa ta fara kasala, an sha ce mini in sayi na zamani, ban saya ba. Duk wanda zai ɗaura shokozoba a wurinmu sai ya hau shi, sannan ya hau babur ɗinsa a auna, ko wane ne ubansa. Wanda ya aiko direba, direban zai koma da babur ɗin yadda ya zo da shi. Mun rasa masu kawo aiki a kan haka, ba ɗaya ba ba biyu ba. To duk wanda zai zo koyo a cikinku, noti biyun nan zan nuna masa a yini ɗaya. Abin da zai ɗauke shi lokaci shi ne ya dubi dattijo mai furfura, sa'an ubansa, ya ce masa cikin ladabi, "Ya Hajji, cire takalmi ka hau nan," kuma muryarsa ba ta rawa.

Duk Salla ina kiran Lawwali. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma na daina ba shi haƙuri don ya ce yana gajiyar da shi. Mu gaisa, ya tambayi Baba da gwiwarsa, in tambayi yara. In za mu rabu sai ya ce, "Suna hawa kuwa?"

In ce, "Suna hawa."

"Har manyan?"

"Har manyan."

Sai ya ce, "To madalla." Ya ce in yi haƙuri, ana kiransa, an gama lodi.